Cutar Shuka Ba Ta San Iyakar Gona Ba

'Yan'uwa manoma, bazara ta kawo jiki. Yanzu ne ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu suke zaman raba ɗan abin da ke cikin asusu domin aikin damina. A kusan kowane zama, takin zamani ne kan gaba, sai injin feshi da magani. Idan wani ya kawo maganar cutar shuka, amsar ɗaya ce: idan ta zo a yi mata feshi.

Mu dai ra'ayinmu daban ne, kuma za mu faɗe shi a fili. Yawancin cututtukan da ke ƙone amfanin gona da itatuwa ba a warkar da su bayan sun kama. Tare su ake yi tun kafin su iso. Kuma manomi ɗaya ba ya iya tare su, komai ƙwazonsa, domin cutar ba ta tsayawa a kan iyaka ta tambayi gonar wa ce wannan. Saboda haka muna ganin kuɗin ƙungiya ya kamata ya fara zuwa ga iri mai kyau, da sa ido, da taimakon wanda cuta ta fara faɗa wa. Injin feshi ya biyo baya.

Abin da ya faru a 1975

Dattawan da ke cikinmu ba su bukatar a tuna musu. A wancan lokaci ƙasarmu tana cikin Jihar Kano, don ba a yanke Jigawa ba sai a 1991. Gyaɗa ce kuɗin haraji, ita ce kuɗin aure, ita ce kuɗin makarantar yara. Jirgin ƙasa na hanyar Nguru yana kwasar ta daga Malam Madori, Gagarawa da Ringim zuwa Kano, inda ake jera buhuna a yi dala. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa waje.

Fari ya zo a 1972 da 1973 ya karya manoma. Ba su gama farfaɗowa ba sai kuturtar gyaɗa ta faɗo a 1975. Masana sun ƙiyasta cewa ta lalata gyaɗa a hekta kusan 700,000 a Arewa, watau eka fiye da miliyan ɗaya da rabi, hasarar kuma ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 250. Cutar ta sake dawowa a 1983, da 1985, da 1988. Mutane da yawa suka bar gyaɗa suka koma wake da gero. Akwai wasu dalilai da suka kashe dalar gyaɗa, kamar zuwan kuɗin man fetur da rashin farashi mai kyau. Amma kuturu ne ya sa manomi ya daina amince wa gyaɗa.

Yana da kyau mu san yadda wannan cuta take tafiya, don a nan darasin yake. Ƙwayar cutar irin wadda ake kira bairos ce, ido ba ya ganinta. Ba ta cikin ƙwayar gyaɗar da muke shukawa, ba ta kuma cikin ƙasa. Ƙwarin darɓa ne suke ɗauke ta, waɗannan ƙananan baƙaƙen ƙwari da muke gani sun yi cincirindo a kan tohon wake da gyaɗa. Su tsotsi mai ciwo, su tashi, iska ta kai su wata gona, su tsotsi mai lafiya. Shukar da ta kamu tana ƙarama sai ta tsuke, ganyenta ya nannaɗe, wani ya yi rawaya, wani ya yi kore shar, amma idan aka tuge ta ba a samun komai a gindi.

To, ina darɓa take kwana da rani? A kan gyauro, watau gyaɗar da ta zube ta tsiro da kanta, da kan wasu ciyayi a wuraren da ke da laima. Wa take fi so? Gonar da aka shuka a makare, da gonar da aka shuka jefi-jefi ƙasa tana bayyana tsakanin shuka. Yaushe take yawaita? Idan ruwa ya ɗauke na 'yan makonni, domin ruwa mai ƙarfi yana wanke ta.

Ku duba da kyau. Mutum ya shuka da wuri, ya shuka kusa-kusa, ya yi noma a kan kari. Maƙwabcinsa ya bar gyauro, ya kuma yi shuka bayan mako uku. Gonar maƙwabcin ta zama gidan renon darɓa, daga nan kuma ta bi gonakin unguwa duka. Feshi yana iya kashe ƙwarin, amma ba ya fitar da cutar daga shukar da ta riga ta kamu. Wanda ya jira sai ya ga ganye ya nannaɗe sannan ya tafi kasuwa neman kwalba, kuɗinsa kawai ya zubar.

Ba gyaɗa kaɗai ba

Kowace cuta da hanyarta, kuma sanin hanyar shi ne rabin magani.

Burtuntuna, wadda take mai da tsabar dawa baƙin gari, a jikin iri take biyo mu. Idan aka sussuke kan da ya kamu tare da masu lafiya, garin ya manne wa tsaba, baɗi mu shuka shi da hannunmu. Maganinta mai araha ne: a zaɓi iri tun a gona kafin girbi, a kuma gauraya shi da maganin iri kafin shuka.

Akwai cutar gero da take sa kai ya fito da ganyaye maimakon tsaba. Wannan fumfuna ce, tana iya zama cikin ƙasa shekaru tana jiran gero. Maganin iri yana rage ta, canza shuka yana rage ta, akwai kuma gero irin su SOSAT da suke jure mata.

Ɗigon baƙi da ke kakkaɓe ganyen gyaɗa kafin ta nuna, a cikin ragowar bara yake kwana. Wanda yake maimaita gyaɗa a wuri ɗaya kowace shekara, shi yake ciyar da shi. Haka abin yake a fadama. Tumatir, tattasai, attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Cire tumatir a sa attaruhu ba canza shuka ba ne.

Kada mu ce waɗannan labaran da ne. 'Yan'uwanmu na kudancin Kaduna sun ga tasu a 2023, lokacin da wata cutar fumfuna ta ruɓar da citta a ƙasashen Kachia, Jaba da Kagarko. Gwamnati ta ƙiyasta hasarar da fiye da naira biliyan 12. Abin da ya fi ciwo shi ne iri ma ya tafi, domin citta da jikinta ake shuka ta. Wanda ya rasa amfanin bana ya yi hasarar shekara ɗaya. Wanda ya rasa iri ya yi hasarar shekaru.

A ƙasashen waje ma haka ne. A 1845 cuta ta kama dankalin Turawa a ƙasar Ailan, kusa da Ingila. Talakawan ƙasar sun dogara ga dankali kaɗai, yawancinsa kuma iri ɗaya ne. Cikin 'yan shekaru yunwa da cututtukan da suka biyo ta suka kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan suka bar ƙasar. Wannan ya nuna mana hikimar iyayenmu da suke haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya. Yanzu da riɗi da zoɓo suke kawo kuɗi, kada kwaɗayi ya sa unguwa duka ta koma abu ɗaya.

Maganar dabino da sauran itatuwa

Idan gero ya lalace, baɗi a sake shukawa. Idan dabino ya mutu, aikin shekaru ne ya tafi, wani ma gadon kaka ne. Dutse garin dabino ne. Shi ya sa cibiyar binciken kwakwar manja da danginta ta ƙasa, wadda ake kira NIFOR, ta kafa reshenta na dabino a nan. Duk wanda ya shiga kasuwar Shuwarin ya san abin da dabino yake kawo wa ƙasar nan.

Saboda haka ya kamata mu san labarin wata cuta da ake kira Bayud, ko da yake a hayin Sahara ta yi suna. An fara lura da ita a kudancin Maroko wajen 1870. Fumfuna ce da ke cikin ƙasa. Tana shiga ta saiwa, ta toshe hanyar ruwa a cikin itacen. Sai a ga reshe ɗaya ya fara fari daga gefe guda, ya zagayo ɗaya gefen, wasu rassan su bi, har itacen ya mutu. Cikin shekara ɗari ta kashe dabino fiye da miliyan 10 a Maroko, da kusan miliyan 3 a Aljeriya. Ba ta da maganin feshi. Kuma ba iska ce ta kai ta daga lambu zuwa lambu ba. Mutane ne suka kai ta, cikin 'ya'yan dabinon da ake cirewa daga gindin uwa a dasa, cikin ƙasar da ta manne wa saiwa, da cikin ruwan ban ruwa.

Dabinon nan mai tsada da ake kira Majul, asalinsa na Maroko ne, kuma wannan cuta ta kusa ƙarar da shi a can. A 1927 wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Walter Swingle, ya ɗauki 'ya'yansa 11 ya kai ƙasarsu. Ba a kai su cikin lambunan dabino ba. An dasa su a wani keɓaɓɓen wuri a jihar Nebada, aka yi shekaru ana dubawa, sai da aka tabbata ba su da ciwo sannan aka yaɗa su. Haƙurin waɗannan shekaru ne ya tsare lambunansu.

Yau sha'awar dasa dabino ta ƙaru, kowa yana neman iri mai manyan 'ya'ya. Wannan abu ne mai kyau. Amma idan wani ya zo da dashe ya ce daga ƙasar waje yake, mu tambaye shi takardar hukumar da ke binciken tsirrai a kan iyaka. In babu, mu bar masa kayansa, komai araharsa. Gara mu je reshen NIFOR da ke kusa da mu mu nemi shawara.

Ga mangwaro, gwaiba da lemo kuwa, idan reshe ya fara bushewa daga sama yana gangarowa, a yanke shi har cikin inda yake da lafiya, a ƙone. A wanke adda da ruwan bilic kafin a taɓa wani itace. Mai sassabe da adda ɗaya yana iya raba ciwo ga lambu duka a yini guda.

Sai dai kuma ba kowace bushewa ce cuta ba. A farkon shekarun 1990 darbejiya ta yi ta kaɗe ganye a Nijar da arewacin ƙasar nan, hankali ya tashi. Da masana suka bincika, sun fi jingina abin ga ƙarancin ruwa da taurin ƙasa. Haka nan rawayar ganye a gona tana iya zama yunwar taki, ko ƙuduji, ko ruwa da ya kwanta. Shi ya sa muke cewa a fara sanin ciwon kafin a sayi magani. Maganin ƙwari daban, maganin fumfuna daban, bairos kuwa ba ta da kwalba. Mai kanti abin da yake da shi zai sayar maka.

Abin da muke ba da shawara

Ga abubuwa bakwai da muke roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a zamanta na gaba, ta kuma rubuta su cikin littafin dokokinta.

1. A ware kaso na fari na asusu domin iri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tare da ICRISAT, ta fitar da gyaɗa mai jure kuturu. Cikinsu akwai SAMNUT 23, da SAMNUT 24 wadda aka fitar a 2011, tana nuna cikin kimanin wata uku, watau ta dace da gajeriyar daminarmu. A nemi malaman gona na JARDA su nuna inda za a sami na gaskiya.

2. A yi gonar iri ta ƙungiya. Gyaɗa ba ta cika gauraya da ta maƙwabci ba, don haka buhu kaɗan da aka saya bana zai iya wadatar da kowa cikin shekara biyu ko uku. Gero kuwa iska tana gauraya shi, sai a riƙa sabunta shi bayan 'yan shekaru.

3. A sa wa gero da dawa maganin iri, daidai yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. A tuna guba ne. Irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba kaji, ba a ajiye shi inda yara za su kai.

4. Kafin ruwa ya sauka a sa rana ɗaya ta gayya, a bi gonaki da bakin fadama a tuge gyauron gyaɗa.

5. A shuka gyaɗa da ruwan shuka na fari da ya jiƙa ƙasa sosai, kowa cikin mako ɗaya. Tsakanin rami da rami kada ya wuce taƙi ɗaya, domin ganye ya rufe ƙasa da wuri.

6. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙa zaga gonakin 'yan ƙungiya sau ɗaya a mako, tun daga tsiro har kwana arba'in. Mata suna cikin gona kullum, su suka fi saurin lura. Abin da suka gani su rubuta, da rana da wuri. In akwai mai waya, a ɗauki hoto a aika wa malamin gona. In za a kai samfuri, a ƙulle shi cikin leda, kada a bi gonakin mutane da shi a buɗe.

7. Shukar da ta kamu da wuri a tuge ta, a binne ko a ƙone. Idan abin ya yi yawa har mutum zai yi hasara, ƙungiya ta rage masa daga asusu ko daga rumbunta.

Ga masu ja da wannan magana

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Wani zai ce, "Yaya za mu yi shuka a mako ɗaya, alhali shanun huɗa biyu ne a unguwar, kuma gero ne kan gaba?" Gaskiya ne, abinci ne kan gaba. Amma amfanin ƙungiya ke nan. A tsara layin garma tun yanzu, a fara da gwauraye da tsofaffi waɗanda kullum su ake bari a baya. Gonar da aka bari a baya ita ce ƙofar da cuta take shigowa. Taimakonsu ba sadaka ba ce kawai, tsaron gonarka ne.

Wani zai ce, "Sabon iri yana da tsada, kuma tsohuwar gyaɗarmu ta fi harawa." Wannan ma magana ce. Ba mu ce a zubar da tsohon iri ba. A shuka biyun. Akwai ma irin Samaru, kamar SAMNUT 21 da 22, da aka fitar domin 'ya'ya da harawa gaba ɗaya, sai dai sun fi daɗewa kafin su nuna, don haka sun fi dacewa da wajen Birnin Kudu da Gwaram inda ruwa ya fi yawa. A gwada a kunya kaɗan, kowa ya gani da idonsa.

Wani kuma ba zai faɗa a taro ba, amma a ransa yana cewa, "In na ce gonata ta kamu, za a yi mini dariya, a ce ragwanci ne, a ƙi sayen irina, wataƙila ma a hana ni bashi baɗi." Wannan ita ce babbar matsala, ta fi ta kuɗi. Muddin wanda ya faɗi gaskiya shi ne zai yi hasara, kowa zai ɓoye. Shi ya sa doka ta bakwai ta fi sauran nauyi. Wanda ya fara kawo labari ya yi wa unguwa aiki, sai a gode masa, a kuma tallafa masa. Tiya goma da aka ba shi ta fi araha a kan buhu ɗari da za a rasa.

Akwai kuma wanda zai ce, "Mu kaɗan ne. Gonakinmu suna tsakiyar na mutanen da ba su cikin ƙungiya." Haka ne, kuma dalili ke nan da ba za mu riƙe wannan magana a cikin ɗakin taronmu ba. Darɓa ba ta tambayar addinin mai gona. Shugabannin ƙungiya su je wurin mai unguwa da dagaci da sarkin noma, cikin ladabi, su bayyana abin da muke shirin yi, su roƙi a yi shelar ranar tuge gyauro ga kowa da kowa. In muka sami iri mai kyau ya yi yawa, mu sayar wa maƙwabta a farashin da muka samo. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a nan sai mu ƙara da cewa, ka fara taya shi kashe tasa, don iska ɗaya ce take kaɗa ku.

Ba mu ce a jefar da injin feshi ba. Yana da ranarsa, musamman ga wake da kayan lambu, idan an san ciwon, an san maganin, an kuma rufe hanci da jiki. Abin da muke ƙi shi ne a ɗora begen damina duka a kan kwalba, a manta da abubuwan da ba su cin kuɗi sai haɗin kai.

Iyayenmu a 1975 ba su da irin da ke jure kuturu mai nuna da wuri, ba su da waya, da yawansu kuma ba a taɓa bayyana musu yadda cutar take tafiya ba. Mu muna da waɗannan duka. In ta sake zuwa ta same mu a warwatse, ba mu da abin faɗa.

Muna roƙon sakataren kowace ƙungiya ya karanta wannan takarda a gaban jama'a, har da waɗanda ba su iya karatu ba. Ku tattauna, ku gyara abin da bai dace da ƙasarku ba, ku zaɓi masu zagayenku kafin ruwan fari. Abin da kuka yanke ku rubuto mana, domin wasu ƙungiyoyi su amfana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye amfaninmu da itatuwanmu.